Dubu Talatin da Uku da Ɗari da Ashirin

Sabuwar Yalwa, kusa da Wad Haddad
Sha'aban, 1445

Zuwa ga Yaya Izzuddeen,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, ya kuma baƙunta a Damazin? Ƙanwarka ce Nasiba, jikar ƙanwar kakarka ta Managil, matar Bilyamin ɗan Malam Salihu. Na jera maka haka ne domin rabonmu da haɗuwa tun bikina, kada ka riƙe takarda kana tunanin wace Nasiba ce. Mu nan da sauƙi. Cikin yarana uku, Hanaa ta yi zazzaɓi ta tashi, Malak da Aminat ƙalau suke. Shabaka, wato layin waya, ta ɗauke gaba ɗaya, wayoyinmu sun koma fitilu, shi ya sa na koma ga alƙalami. Tahir mai lori ne zai kawo maka, shi kuma zai karɓo amsa.

Labarin ba shi da daɗi. Bilyamin ya ɗauki lemun tsami zuwa kasuwar Madani a watan Jimada na biyu, garin ya rikice da yaƙi yana ciki, har yau ba shi ba labarinsa. Muna cikin wannan sai surukina Malam Salihu ya rasu a ƙarshen Rajab. Ciwon sukari ne, magani ya yanke.

Ka san lambunsa na bakin kogi, faddan takwas, kamar eka takwas ke nan, mangwaro da lemo da kuɓewa. Yaya Hashim, babban ɗansa, yana so a raba kafin gida ya watse, domin wasu na son sayar da nasu su yi guzurin hanya. Malamin da ke yi mana rabon gado ya gudu Gadarif. Liman kuwa ya ce shi sallah da ɗaurin aure ya sani, ba ya sa hannu a gado.

Baba Malam Salihu ya bar mata uku, 'ya'ya mata bakwai, maza takwas har da Bilyamin. Ka san mu nan komai na ƙasa da ƙiraɗi, wato kaso ashirin da huɗu, muke lissafa shi. Sai Yaya Hashim ya zube ƙwallayen aduwa ashirin da huɗu a tabarma gaban dattawa. Ya ba kowace matar Baba ɗaya, kowace 'ya ɗaya, kowane ɗa biyu, suka ƙare cif. Ina daga bakin ƙofa na lura maza bakwai ya ƙirga.

Na ce, "Yaya Hashim, ina na Bilyamin?"

Ya ce, "Ya Nasiba, duba da idonki. In munka sa shi, hisabi ba ya fita. In munka fid da shi, ya fita sak, ko ƙwallo guda ba ta ragewa. Wanga ba aikina na ba, alama ta daga Allah. Bilyamin ya riga Baba tafiya, khalas. Ɗiyanki ɗiyana na, ba su kwana da yunwa."

Dattawa suka gyaɗa kai, har wani ya yi kabbara.

Ban ce Yaya Hashim mugu ba ne, bakuna da yawa ke kansa. Amma "ba su kwana da yunwa" baƙo ake faɗa wa haka. Yarinyoyin nan a cikin kuɓewar nan suka koyi tafiya, kuma daga ita muke ci tun da ubansu ya ɓace. In an raba a kan ashirin da huɗu, ko taku ɗaya ba su da shi.

Kai ka koyar da hisabi a sakandaren Hasahisa, ka kuma karanta rabon gado a gaban mahaifinka. Ka faɗa min tsakani da Allah: lissafi yana iya sanin mutum ya mutu?

Ƙanwarka,
Nasiba


Damazin
Ramadan, 1445

Ƙanwata Nasiba,

Wa alaikumussalam. Allah ya jiƙan Malam Salihu, ya sa Aljanna makoma, ya bayyana Bilyamin cikin lafiya. Na gane ki tun layin farko, ba sai kin kira min kakanni ba. Muna lafiya, sai hawan jinin da ya biyo ni tun daga Hasahisa, shi kaɗai ne kayan da ban bari a hanya ba. An sauke mu a wata makarantar firamare, ni da matata Najwa da iyalai uku a aji ɗaya. Shekara ashirin ina tsaye gaban allo, yau ga ni ina kwana a ƙarƙashinsa. Najwa tana gaishe ki.

Amsar tambayarki: a'a. Lissafi bai san mutuwa ba, abin da aka ba shi yake juyawa. Ashirin da huɗu lamba ce mai karɓar baƙi. Tana da rabi, tana da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni, shi ya sa kakanninmu suka auna ƙasa da ita. Abin da ya faru a tabarmar Hashim dacewa ce kawai. In an lissafa namiji kai biyu, mace kai ɗaya, 'ya'yan Malam ban da Bilyamin kai ashirin da ɗaya ne, ga matan Malam uku, sai ta cika.

In aka sa Bilyamin, kawuna sun zama ashirin da uku. Ita kuwa tana cikin lambobin da malaman hisabi na da suke kira kurame. Ba ta da rabi, ba ta da sulusi, ba ta da ushiri, babu mai raba ta sai ɗaya da ita kanta. Ba ta shiga cikin ashirin da huɗu, sai dai a ninka su da juna, su ba da ɗari biyar da hamsin da biyu. A nan kowace matar Malam tana da kaso ashirin da uku, kowace 'ya ashirin da ɗaya, kowane ɗa arba'in da biyu. Wannan ce lambar da ta wajaba a kanku yau. Wanda ya ɓace ba a binne shi da alƙalami, ajiye masa arba'in da biyunsa ake yi.

Sai dai gaskiya ɗaci gare ta. In aka daɗe har alƙali ya yanke hukuncin mutuwarsa, ba a kuma sami shaidar cewa yana raye ranar da Malam ya rasu ba, abin da aka ajiye zai koma ga 'yan'uwansa. Jika ba ya cin gadon kaka matuƙar akwai ɗa namiji. To a nan Hashim zai koma kan ƙwallayensa.

Akwai hali na uku, na ga gara in cika aiki. In ta tabbata ya rayu bayan mahaifinsa sannan ya rasu, arba'in da biyunsa za a sake rabawa: mahaifiyarsa Inna Asabe sudusi, ke sumuni, yaran kashi biyu cikin uku, ragowar ga 'yan ɗakinsu, waɗanda Tahir ya ce min maza biyu ne da mace ɗaya. Da na haɗa rabon biyu a kan allon nan sai lambar ta fito 33,120, wato dubu talatin da uku da ɗari da ashirin.

Nasiba, na daɗe ban ga lamba mai kyau irin wannan ba. In kin farfasa ta za ki sami biyu sau biyar, uku sau biyu, biyar ɗaya, da ashirin da uku. Duk gidanku yana ciki. Ukun farko matan Malam ne, na biyu 'ya'yanki ne, biyar ɗin kawunan 'yan ɗakin Bilyamin ne, kurmar nan kuma tana zaune a tsakiya ta ƙi narkewa. Lambobi saba'in da biyu ne ke raba ta ba saura. Tana cikin irin da ake kira masu yalwa, domin in aka tara duk masu raba ta ban da ita kanta, sun kai 84,816, fiye da ninkinta biyu. Kuma ki ji wani abin: a faddan takwas, kowane kaso ɗaya ya ɗan fi shimfiɗar sallaya. Ke kina da 315, kowace yarinya 560, jimilla 1,995, kusan rabin faddan.

Ki yafe min tsawon takarda, na kwana biyu ban sami wanda zan yi wa darasi ba.

Yayanki,
Izzuddeen


Sabuwar Yalwa
Shawwal, 1445

Ustaz Izzuddeen,

Barka da sallah. Muna lafiya, yara ƙalau. Ka gai da Najwa, ka ce ina yi mata sannu da haƙuri.

Takardarka ta iso, kuma da ma ba ta iso ba. Tahir a gaban Inna Asabe ya miƙo min ita. Tsohuwa ta ce sai na karanta mata da ƙarfi, ko malamin Hasahisa ya ji labarin ɗanta a can. Ni kuma ban duba ba, na fara. Ina cikin karatu sai ga ni ina ba ta sudusin Bilyamin da bakina. Ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya, ɗiyata. Wa ya ce mai ina son sudusi? Ni ɗana nika so." Ta juya ga bango, ranar ko kunu ba ta sha ba.

Na tambaye ka ko lissafi ya san mutuwa, ka ce a'a a layi biyu. Sannan ka zauna ka kashe min miji a kan allo, ka raba shi, ka kuma cika rabin takarda kana yabon abin da ya fito. Mai kyau, ka ce. Mai yalwa. Na karanta wurin sau da yawa ko zan ga inda hannunka ya yi rawa, ban gani ba. Wato abin da kake nuna min shi ne, in ina son rabin faddan, in yi addu'a ya mutu, amma ya mutu a kan lokaci.

Kuma ba ta tsaya nan ba. Yaya Hashim ya karɓi takardar ya kai wa dattawa. Ɗari biyar da hamsin da biyu ko kallonta ba su yi ba, babbar suka kama. Wani ya ce, "Igiyar wa ka auna dubu talatin? Wanga hisabin madarasa na, ba na ƙasa ba." Yaya Hashim ya ce, "Kun gani, ustaz ma da kanai ya lissafa shi cikin matattu." Aka yi dariya, aka sha jabana, gahawarmu ta nan, aka yanke cewa za a jira har a cire amfanin damina, sannan a buga turakan iyaka a kan ashirin da huɗu.

Ka ga taimakon da ka yi min. Na zo neman sanda, ka miƙa wa mai dukana.

Bilyamin yana raye. Ba ni da shaida, ba na kuma bukatar lamba ta faɗa min. Rigarsa ta Juma'a tana rataye inda ya bar ta, duk mako Malak tana kaɗe mata ƙura.

Nasiba


Damazin
Zulhajji, 1445

Ƙanwata Nasiba,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna nan yadda kika sani. Najwa ta ji saƙonki, ta ce kin rage min, ita da ta fi haka.

Ba ni da abin kare kaina. Ni mutum ne da in lamba ta fito min daidai nake manta wanda ya aiko ta, ɗalibaina sun sha faɗa min. Amma wallahi ban yi wa Bilyamin fatan komai ba sai dawowa. Ki durƙusa ki ba Inna Asabe haƙuri a madadina, ki ce mata ni, ɗan Malam Gado, ni na yi wauta.

Yanzu ki saurare ni a kan abin da zai amfane ki, ko da kina fushi. Ki manta da babbar lambar. Ki tsaya a kan ɗari biyar da hamsin da biyu, ita ce ta mai rai. Ki ce wa Hashim ba sai an nemo doguwar igiya ba. A auna tsawon lambun a kasa shi takwas, a ware wa matan Malam kashi ɗaya, sauran bakwai a kasa su ashirin da uku, a bar biyu ba mai taɓawa sai ke da za ki ci gaba da shuka su amana. Kurmar lamba ba ta raba ƙwallon aduwa, amma igiya ana naɗe ta gida ashirin da uku lafiya lau.

Sannan ki nemi shaida. Duk wanda ya fito daga Madani, direba ne, mai shayi ne, ki tambaye shi. Ba cewa za ki yi yana raye yau ba, wannan Allah ya sani. Abin da ake so shi ne wanda ya gan shi da ido bayan Rajab. Da wannan kaɗai turakan Hashim ba su da wurin zama.

Ana ta maganar hanyar Sinja ba daɗi. Ki amsa da wuri.

Yayanki,
Izzuddeen


Damazin
Rabi'ul Awwal, 1446

Nasiba,

Ina gaishe ku, in wannan ta same ku. Ban sani ba ko ta Zulhajji ta iso. Hanya ta rufe tun farkon damina, Tahir bai sake zuwa ba, wannan kuma wani mai keken jaki na ba, wanda ya ce zai bi ta gabashin kogi.

Lafiya ta yi ƙaranci a nan. Amai da gudawa sun shiga makarantar, an fitar da mutane da yawa daga ajin da ke kusa da namu. Najwa ta kwanta ta tashi, ta rame ƙwarai. Mun ji cutar ta kai ƙauyukanku.

Shirunki yana damuna. In fushi ne, na gode wa Allah, ki ci gaba da shi. In wani abu ne daban, ki sa ko Malak ta rubuto min layi ɗaya. Lokacin cire amfanin gona ya kusa, ina ta tunanin turakan nan.

Yaran da ke nan sun roƙe ni in koya musu lissafi. Na tsaya gaban allo da alli a hannu, na kasa, na ce su dawo wani lokaci.

Izzuddeen


Sabuwar Yalwa
Rajab, 1446

Yaya Izzuddeen,

Assalamu alaikum. Ina fatan kai da Najwa kun ƙara samun sauƙi. Takardunka biyu tare suka iso makon jiya, bayan hanya ta buɗe. Ba fushi ba ne ya hana ni rubutu, ba mai kaiwa ne. Ni da yara muna raye. Mun yi wata biyu a tsallaken kogi muna kwana a rumfar masunta, muka dawo muka tarar an kwashe injin ban ruwa da awaki. Inna Asabe ta rasu a Rabi'ul Awwal, cutar nan ce. Haƙurinka bai riske ta ba.

An buga turakan bayan an yanke dawa, a kan ashirin da huɗu. Ba wanda ya sayar, don ba mai saye. Inda nake shuka kuɓewa ya faɗa a kason wata ƙanwar Yaya Hashim, ta ce in ci gaba kafin mijinta ya dawo. Haka na zama 'yar aro a wurin da na shekara goma sha biyu ina sunkuyo.

Ranar Talatar da ta wuce wani mutum ya yi sallama. Kamal sunansa, tela ne daga Managil, duk haƙarƙarinsa a waje. Ya ce gidan Bilyamin yake nema. Yaya Hashim da liman suka zauna da shi a zaure, aka kira ni. Ya ce masu bindiga sun tsare su tare a wani sito a Madani, su da yawa. Ya faɗi sunayen yarana ɗaya bayan ɗaya, har da cewa Hanaa ba ta cin albasa. Sannan ya sunkuyar da kai ya yi mana ta'aziyya, ya ce, "Al-baraka fikum. Ni na rufe mai ido. Akwai wani mutumin Hasahisa da munka wanke shi tare, yana nan da rai, in kuna son ku ji daga bakinai."

Yaya, ka san abin da ya fara fita daga bakina? Ba salati ba ne, ba kuka ba ne. Cewa na yi, "A wane wata?"

Ya dube ni, ya ce, "Muharram. Ruwa na zuba, bayan Ashura."

Wato ya yi azumi, ya ga ƙaramar sallah da babba. Ranar da aka zube ƙwallaye a tabarma yana raye. Ranar da na rubuta maka cewa yana raye, gaskiya na faɗa. Yaya Hashim ya tashi ya tafi lambu ya dinga tumɓuke turakan da hannunsa. Da ya dawo tafinsa na jini, ya tsaya a bakin ƙofata ya ce, "Na rufe ƙanena yana numfashi, don ƙwallaye sun ƙare daidai." Na kasa ba shi haƙuri, na kuma kasa zaginsa.

To, babbar lambarka ce ta tabbata. Dattawa sun ce in rubuto maka. Ka aiko da yadda za a naɗe mata igiya, ka kuma duba ko rasuwar Inna Asabe ta ƙara mata girma. 'Ya'yan da ta bari su ne maza biyun nan da mace ɗaya. Yarana sun sami ƙasa, babu mai sake ce musu ba su kwana da yunwa. Ina faɗa wa kaina haka sau da yawa a yini, ban ji komai ba tukuna.

Washegari matan hilla, wato na ƙauyenmu, suka kawo min farin mayafi da tabarmar zama, suka fara share ɗakin da zan yi takaba. Na ji sanyi a raina, na ce ko ba komai zan sami wata huɗu da kwana goma in zauna in yi kukan mijina ba mai kirana. Sai liman ya aiko. Ya ce takaba daga ranar mutuwa ake ƙirga ta, ba daga ranar da labari ya zo ba. Tawa ta ƙare tun a Jimada, ina can ina tsinkar kuɓewa ina sauraron ƙarar kowace lori.

Sun naɗe tabarmar sun mayar. Gobe da safe zan ɗauki bokiti in tafi ban ruwa kamar kowa.

Ƙanwarka,
Nasiba